Wahalar da na sha kafin ƙadandoniyata ta samu suna

Shekara uku da 'yan watanni aka kwashe daga ranar da na ɗaga wani ruɓaɓɓen icce na ga ƙadandoniyar nan zuwa ranar da sunanta ya fito a mujalla, kuma wallahi wani kaso mai yawa na lokacin ni na ɓata shi da hannuna saboda rashin sani. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani ɗalibin da ya tsinci wata halitta yana ganin sabuwa ce zai huta da irin zirga-zirgar da na yi. Amma bari in fara raba gardama, don duk wanda na ba labarin nan sai ya tambaya: ƙadandoniya daban, shanshani daban. Shanshani ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, ga gudu ga dafi. Ita kuwa ƙadandoniya ƙafa huɗu ne a yawancin gaɓoɓinta, tafiyarta a sanyaye, ruɓaɓɓen ganye take ci, kana taɓa ta sai ta naɗe abinta. A ilimin halittu sunan ajinsu Diplopoda, kuma waɗanda aka riga aka ba suna sun haura 12,000, alhali wasu masana na hasashen waɗanda ke duniya za su iya kaiwa 80,000. Kenan tsintar sabuwa ba wani abin al'ajabi ba ne, da yawansu na nan ƙarƙashin ganye ba wanda ya taɓa duba su. Aikin yana wajen tabbatar da cewa babu wanda ya riga ka raɗa mata suna, kuma ni lokacin ban san haka ba.

Ina cikin aikin digiri na biyu ne a kan ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, ba ma ƙadandoniya na je nema ba. Ƙarshen damina ne, na ga wasu sirara masu wani layi mai haske a gadon baya, ban taɓa ganin irinsu ba, sai kawai na hau kwasa. Kuma da yake ido babba yake so, manya-manyan na dinga zaɓa, na tara kusan ashirin na zuba su duka a kwalba ɗaya, na tsiyaya musu sifirit ɗin da na samu, na rubuta sunan wurin da biro na manna a jikin kwalbar ta waje. Yatsuna duk suka yi ja-ja kamar na taɓa aidin, kwana da kwanaki bai fita ba, ashe ruwan kariyar da suke fitarwa ne ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jiki, sinadarin benzokwinon. Wasu dangin ma, masu faffaɗan baya da ake kira Polydesmida, gubar sayanaid suke fitarwa, don haka kar wanda ya murza ido bayan ya taɓa su. Na dawo ina ta rawar jiki na kai wa sufabaizana kwalbar. Malam ya juye su a faranti, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya dinga birkita su ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce, "To ɗan nan, ina namijin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ban san akwai bambanci ba." Dariya kawai ya yi.

A ranar na koyi abin da duk aikin ya rataya a kai. Kala ba ta raba jinsin ƙadandoniya, tsawo ma haka, har yawan gaɓoɓi yana bambanta tsakanin 'yan jinsi ɗaya. Abin da ake dubawa shine wasu ƙafafu na namiji da ya balaga, yawanci a gaɓa ta bakwai in ka ƙirga daga kai, waɗanda suka rikiɗe suka zama abin da yake zuba wa mace maniyyi da shi, ana ce musu gonofod. Kowane jinsi da irin ƙirar nasa, ƙugiya ce, ƙaya ce, murɗa ce, kamar yadda makulli ke bambanta da makulli. In ka birkita namiji ka ƙirga zuwa ta bakwai zaka ga kamar giɓi, ƙafafun tafiya babu a wurin. Mace kuwa ƙafafunta a jere suke ba giɓi, kuma matan sun fi girma, ni kuma manya na zaɓa. Cikin ashirin ɗin nan mata ne da yara kawai. Su yaran ana gane su da gaɓoɓin da ba su da ƙafa kusa da wutsiya, don ƙadandoniya ba a ƙyanƙyashe ta da cikakken jiki, yawanci da ƙafa shida take fara rayuwa, tana saɓa tana ƙara gaɓoɓi. Ƙari a kan haka sifirit ɗin ya jiƙa takardar da na manna, biron ya narke, kuma ban canza musu ruwa ba har ya koma kalar ƙasa-ƙasa. Malam ya ƙara da tambayar da ta ƙarasa kashe min jiki, wai da izinin wa na kwaso su. Damina kuma ta riga ta wuce, sun nutse cikin ƙasa. Haka na zauna jiran wata takwas.

A cikin jiran nan ne na bi takardar izini, kuma gara da na samu lokacin don ta ci wata huɗu. Farko wasiƙa daga shugaban sashe, wadda ita kanta sai da na koma sau uku don an rubuta sunan dajin ba daidai ba. Sai hukumar da ke kula da gandun dajin, suka ba ni fom, suka ce in haɗo da bayanin binciken a taƙaice, da katin makaranta, da adadin da nake so in ɗauka, da inda zan ajiye su bayan na gama. Wannan na ƙarshen shi ne ban shirya masa ba, sai da na koma na nemo takarda daga ma'ajiyar halittu cewa sun yarda za su karɓa. Jami'in da ke kan teburin ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah me za ka yi da ƙadandoniya?" Na ce, "Yallaɓai, suna za a raɗa mata." Ya yi shiru, ya buga hatimi, ya tura ni wajen biyan kuɗi, daga can a dawo da rasit, daga nan kuma fayil ya kwanta a teburin wani da ya tafi hutu. Abin da na so a ce an gaya min tun farko: izinin kamawa daban, izinin fitar da su ƙasar waje daban, kuma in za a taɓa DNA akwai batun yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, wadda ta ba kowace ƙasa ikon tsara yadda za a yi amfani da kayan gadon halittunta. Gidajen tarihi da yawa yanzu ba za su karɓi ko ƙwaro ɗaya daga hannunka ba sai sun ga takardu, mujallu ma na tambayar lambar izini. Ni izinin kamawa kaɗai na nema a zagayen farko, daga baya sai da na sake bin layi don na fitarwa. Dan Allah ku nemi duka biyun lokaci ɗaya.

Ruwa na sauka na koma, wannan karon da hankalina. Na tafi da ƙananan kwalabe masu yawa, itanol iri biyu, fensir, tocila da kyamara. Da rana ina tone ganye da ɓawon icce, da dare kuma in haska tocila don lokacin suka fi fitowa yawo. Duk wadda na kama sai na birkita ta a tafin hannu na duba gaɓa ta bakwai, in na ga giɓi sai in ji kamar an yi min albishir. In ka yi sa'a ka tarar da biyu a manne suna barbara to ka kama su tare ka ware musu kwalba, don wannan ce hujja mafi sauƙi cewa macen nan ta namijin nan ce. Hoto ana ɗaukarsa ne suna da rai, saboda kala na gudu a cikin itanol, layin nan mai haske da ya ja hankalina bayan 'yan watanni ya dushe. Gangar jiki a itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 75, don kar ta bushe ta dinga karyewa, sai ka cire 'yan ƙafafu ka sa a mai ƙarfin 96 saboda DNA. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka zubar da ruwan farko ka sa sabo. Fomalin kuwa kar ka bari ya kusance su, yana lalata DNA. Lebul da fensir ake rubutawa, a jefa shi cikin kwalbar tare da dabbar: wuri, lambobin GPS, tsayin wurin daga teku, kwanan wata, wanda ya kama, da irin inda aka same ta. Kwana tara na yi, na dawo da maza goma sha ɗaya.

Fiɗa kuma wani karatu ne. Ana raba jikin ne a daidai gaɓa ta bakwai, a ƙarƙashin madubi, dabbar tana nutse cikin itanol, da hantsaki mai bakin allura da wata siririyar allura ake zaro gonofod ɗin, abin da duka-duka bai wuce milimita biyu ba. Na farko na murƙushe shi. Na biyu ya fita lafiya lau, ina cikin murna hantsakin ya yi tsalle, abin ya yi sama, na yi rarrafe a ƙasan leb kusan awa ɗaya ban gan shi ba har yau. Daga nan Malam ya hana ni taɓa sauran, ya ce in je in kamo irin waɗanda suke ko'ina in koyi hannu a kansu tukuna, na yi sati biyu ina wannan. Da hannu ya faɗa, duk wanda na cire sai in sa shi a wata 'yar mitsitsiyar kwalba in toshe da auduga in mayar cikin kwalbar mai shi, don in gonofod ya rabu da gangar jikinsa an shiga uku. Gano dangi bai yi wuya ba, 'yan ƙayoyin da ke kan murfin duburarsu da yadda gonofod ɗin ya murɗe suka nuna Odontopygidae ne, dangin da a Afirka ake samunsu, sunan ma daga Girkanci yake, haƙori da gindi. Sai kuma ga abin mamaki, mazan nan da ido ke gani iri ɗaya ashe kashi biyu ne, bakwai ƙira ɗaya, huɗu wata ƙirar daban. Na kira su ta ɗaya da ta biyu, a raina kuwa na riga na gama lissafi, sababbin jinsi biyu a tafiya ɗaya.

Daga nan aka shiga inda ya fi ko'ina cin rai, wato tonon tsofaffin takardu. Dokar raɗa wa dabbobi suna tana tafiya ne a kan wanda ya riga, kuma lissafin yana farawa daga 1758, bugu na goma na littafin Linnaeus, masanin da ya kafa tsarin raɗa wa halittu suna. Ko da wani ya bayyana dabbar nan shekara ɗari da suka wuce a layi biyar da zane ɗaya karkatacce, sunansa ne ke aiki, naka ya zama maimaici. Don haka dole ka bi duk jinsin da aka taɓa bayyanawa a rukunin, wato gungun jinsunan da suka fi kusa da juna a cikin dangi, ka kwatanta da naka ɗaya bayan ɗaya. Na fara da MilliBase, rumbun sunayen ƙadandoniya a intanet, na fitar da jerin sunaye da shekaru da inda aka buga kowanne. Tsofaffin kuma da yawa na same su kyauta a Biodiversity Heritage Library. Matsalar ita ce harshe. Carl Attems na Biyana, wanda ya bayyana ƙadandoniyoyin Afirka masu ɗimbin yawa kafin rasuwarsa a 1952, yawanci da Jamusanci ya yi rubutu, Otto Kraus da ya yi wa wannan dangin garambawul a 1960 da 1966 shi ma Jamusanci, wasu kuma irin su Demange da Faransanci. Na'urar fassara tana taimakawa amma kalmomin fannin sai ta mayar da su shirme, ƙarshe ɗan littafi na buɗe ina tara kalmomin da ma'anarsu. Wani abin haushin kuma, kowane marubuci da sunan da yake kiran sassan gonofod, abu ɗaya sai ka ga suna uku. Ayyukan Henrik Enghoff na Kofanhagan a kan ƙadandoniyoyin tsaunukan Udzungwa na Tanzaniya, waɗanda ya fara fitarwa a 2014, su suka daidaita min kalmomin, don hotunan a fili suke kuma an sa wa kowane sashe alama.

Wata na biyar ina wannan aiki, wani dare na buɗe wani tsohon zane, gabana ya faɗi. Ta ɗaya ce, mai maza bakwai, wadda na fi so, wadda har na zaɓa mata suna. Na ma taɓa wuce zanen nan sau biyu ban gane ba saboda ta baya aka zana shi, ni kuma ta gaba nake kallon nawa. Da na juya gonofod ɗin a faranti ya fuskanci yadda mai zanen ya ajiye nasa, sai komai ya hau, har 'yar ƙayar da nake taƙama da ita. Kwana biyu ban shiga leb ba. Da na gaya wa Malam sai ya ce ai wannan ma sakamako ne, tunda ba a taɓa samunta a yankin ba sai a rubuta ta a matsayin sabon wurin da aka ganta, kuma gara ni na gano da a ce bayan an buga wani ya gano min. Gaskiya ne, amma a lokacin ban ji daɗin maganar ba.

Saura ta biyu. Ita babu zanen da ya hau da ita, amma akwai jinsi biyu da suka yi kusa, kuma bayanansu sun yi gajarta ta yadda ba za ka iya rantsuwa ba. A nan dole a koma ga ainihin dabbar da aka raɗa wa sunan, wadda ake kira taif, tana kwance a kwalba a wani gidan tarihi. Na Afirka da yawa suna Turai, a Tervuren ta Beljiyam, da Biyana, da Faris, da Balin, wasu kuma sun salwanta tun yaƙin duniya na biyu. Na tura imel wurare biyu. Ɗaya shiru, wata biyu, na sake turawa, shiru. Ashe kuskurena ne wani ɓangaren, na rubuta doguwar wasiƙa ina ba da tarihin rayuwata ban faɗi takamaiman abin da nake so ba. Kuma ba a ba ɗalibi aron taif, cibiya ake ba wa ta hannun ma'aikacinta, wasu wuraren ma sun daina sa taif a jirgi gaba ɗaya. Da Malam ya rubuta da kansa, layi shida, sunan jinsi, wanda ya bayyana shi, shekara, da roƙon hoton gonofod ta gaba da ta baya da ta gefe, cikin sati uku aka turo na ɗaya. Ɗayan kuma aka ce an duba kwalbar, gangar jikin na nan amma gonofod ɗin an ɗora shi a gilashi tun da daɗewa, sai da aka ƙara wata guda kafin a nemo gilashin. Duka biyun sun bambanta da tawa a fili. Mai kula da tarin ɗaya daga cikin gidajen tarihin ce ma ta haɗa mu da wani dattijon masani a wannan dangin, na tura masa zanena hannuna na rawa, amsarsa ba ta wuce layi biyu ba, cewa bai san wannan ba kuma yana ganin a bayyana ta. Na karanta imel ɗin nan ya fi sau ashirin. Daga baya ya shigo cikin marubutan, kuma shawarata kenan ga duk mai farawa, kar ka yi ƙyashin raba suna da wanda ya san dangin.

Shigowarsa ce ta buɗe mana hanyar maikuroskof mai aiki da lantarki, wanda ke nuna abin da madubin leb ɗinmu ba ya iya nunawa, kamar 'yan haƙoran da ke bakin kowace gaɓa, waɗanda su ma ana raba jinsi da su a wannan dangin. Ana busar da gonofod ɗin ne a ɗora a ɗan ƙarfe a fesa masa zinare siriri, don haka wanda aka yi wa wannan ba ya komawa yadda yake, kar ka ba da na dabbar da za ka ajiye a matsayin uwar suna, wato taif. Aika su kuwa sai da muka sha fama, itanol abu ne mai kama wuta, kamfanin aike na farko suna jin kalmar suka ce a'a. Yadda ake yi shine a tsiyaye ruwan, a naɗe dabbar a ƙyalle mai danshin itanol, a rufe a leda biyu ko uku da aka liƙe da zafi, a haɗa da izinin fitarwa da wasiƙar cewa kayan bincike ne ba na sayarwa ba. Ƙafafun da na ware aka ciro DNA daga ciki, aka karanta wani guntunsa da ake kira COI mai harafi 658 da ake amfani da shi kamar lambar shaida, aka zuba a GenBank, rumbun bayanan DNA a intanet. Kar ku ɗora masa buri da yawa, yawancin 'yan uwanta ba a taɓa karanta nasu ba balle a kwatanta. Amfanin da ya yi mana shine ya tabbatar ta ɗaya da ta biyu sun yi nisa da juna, kuma ya nuna mana waɗanne mata ne na ta biyun.

Rubutun kansa yana da tsari wanda ba a kauce masa. Akwai taƙaitaccen bayanin abin da ya raba ta da 'yan uwanta na kusa, kuma nan ne masu dubawa suka fi sa ido. Sai cikakken bayani: tsawo, kauri, yawan gaɓoɓi, idanu, kala a raye da kala a itanol, sannan gonofod sashe-sashe. Sai jerin duk dabbobin da aka duba da abin da ke kan lebul ɗinsu. Cikin mazan huɗu aka zaɓi ɗaya mafi cika ya zama holotaif, wato shi ne ma'aunin sunan har abada, sauran suka zama farataif. Kundin dokar da ake aiki da shi, bugu na huɗu da ya fara aiki 1 ga Janairun 2000, ya wajabta ka faɗa ƙarara cewa sabon jinsi ne, ka ayyana taif, ka kuma faɗi ma'ajiyar da yake. Wajen ƙirga ƙafa ne abokai suka dame ni da tambayar wai da gaske ƙafa dubu gare ta kamar yadda sunanta na Turawa ke nufi. Tawa ɗari biyu da 'yan kai ne. Shekara da shekaru mai riƙe da kambu ita ce Illacme plenipes ta Kalifoniya mai 750, sai a 2021 aka bayyana Eumillipes persephone daga yammacin Ostareliya, wadda aka zaro daga ramin haƙar ma'adinai mai zurfin mita 60, ita ce ta fara haura dubu da ƙafa 1,306. Sai suna. Na so in sa sunan Malam ya ƙi, ya ce a sa na wurin. Akwai nahawunsa: in sunan namiji ne ana ƙara -i, mace -ae, wuri kuma yawanci -ensis, kuma dole ka tabbatar ba a taɓa amfani da shi a wannan rukunin ba. Sa wa dabba sunan kanka doka ba ta hana ba, amma za a yi maka dariya.

Wajen zaɓen mujalla kuɗi ne ya yi mana jagora. Akwai irin su ZooKeys da marubuci ke biya kowa ya karanta kyauta, akwai Zootaxa da ba dole ka biya ba sai in kana so a buɗe wa kowa, akwai European Journal of Taxonomy da ba a biya ta kowane ɓangare. Ba zan faɗi wadda muka tura wa ba. Bayan wata huɗu sharhi ya dawo daga mutum biyu. Na farko gyaran kalmomi ne. Na biyu shafi uku ya rubuto, ya ce zanena na gefe bai nuna inda bututun maniyyi ya ƙare ba, ya ce ban kwatanta da wani jinsi da aka mayar wani rukunin daban ba, wanda ni ban ma san da shi ba saboda na bi jerin rukuni ɗaya kawai. Na ji zafi, na rubuta amsa mai zafi, Malam ya karanta ya ce in goge in je in yi barci. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, sai da na koma tonon takardu na wasu sati shida, Allah ya taimaka shi ma ya bambanta. Abu na ƙarshe kafin bugu shine rajista a ZooBank, kundin rajistar sunayen dabbobi a intanet. Tun gyaran dokar na 2012 an yarda suna ya fito a mujallar intanet zalla, amma sai an yi wa aikin rajista kafin ya fito kuma shaidar rajistar ta bayyana a cikinsa, in ba haka ba sunan bai zauna ba. Wasu mujallun su ke yi maka, wasu kai za ka yi, ka tambaya. Kuma ka riƙe bakinka, kar ka saki sunan a Facebook ko a takardar taro kafin ranar. Ni na sa shi a kundin digirina ina ganin shikenan na kafa, ashe kundin digiri yawanci ba a lissafa shi a matsayin bugu, sai da aka sa na cire na mayar da shi lamba.

In an tambaye ni inda kuɗi ya tafi, ba a leb ba ne kamar yadda na zata. Tafiya daji sau biyu, zirga-zirgar izini, itanol mai kyau, hantsaki mai kyau wanda na yi ta ƙin saya har sai da na yi asarar gonofod biyu, sai aike. Hotunan lantarki da DNA abokin aikinmu ne ya ɗauka, da ni kaɗai ne da ban iya ba. Inda lokaci ya tafi kuwa, wata takwas na jiran damina laifina ne, wata biyu na imel ɗin da ba a amsa ba rabin laifina ne, komawa neman izinin fitarwa shi ma laifina ne. Da zan sake daga farko, zan nemi takardu kafin in taka daji, in birkita kowace dabba in duba gaɓa ta bakwai kafin ta shiga kwalba, in fara tuntuɓar masanin dangin tun ranar da na ga gonofod na farko maimakon in ɓoye ina tsoron a sace min, sannan duk zanen da zan kwatanta sai na juya nawa ya fuskanci yadda aka zana wancan.

Ranar da na kai holotaif ma'ajiya, ma'aikacin ya duba takardun izini, ya ba shi lamba, ya sa jan lebul a kwalbar ya jera ta a kanta cikin sauran, duka abin bai kai minti ashirin ba. Farataif biyu kuma muka tura wata ma'ajiyar daban, don in gobara ko wani abu ya samu ɗaya kar a rasa duka. Kwalbar farko kuwa, ta matan nan ashirin marasa lebul, tana nan a kan teburina ban zubar ba. Kwanan baya na sake juye su ina dubawa, sai na ga uku a ciki haƙoran bakin gaɓoɓinsu ba irin na ta ɗaya ba ne kuma ba irin na ta biyu ba. Na nuna wa Malam, ya leƙa madubin ya daɗe, ya ɗago ya ce, "To, ina namijin?" Na riga na kai fom ɗin sabunta izini, ruwa nake jira.